Yadda ake shirya wa jama'a daren kallon wata da taurari a Damagaram

Ƙungiyar masu sha'awar ilmin falaki ba a sanin da ita a gari sai ranar da ta fito da madubinta na hangen nesa fili, yara da manya suka yi layi suna leƙawa. Mun sha yin wannan a harabar makarantu da filayen unguwa a nan Damagaram, kuma tsarin da muke bi ne zan shimfiɗa wa wanda zai fara. Mafi yawan aikin da rana ake yin sa, tun kwanaki kafin daren. Wanda ya bari sai duhu ya shiga sannan ya fara tunanin inda zai kafa kayansa, ya tara mutane ne kawai su kalle shi yana fama.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa guda ɗaya ya isa, mai faɗin baki milimita 70 zuwa 80, da ƙafarsa uku wadda ba ta rawa. Kada lambar da ake bugawa a jikin kwali ta ruɗe ka, wai yana girmama abu sau 500. Iyakar abin da madubi ke bayarwa da kyau kusan ninki biyu ne na faɗin bakinsa, wato mai milimita 70 ya tsaya a 140, kuma a ƙurarmu ba a cika kaiwa nan ba ma. Lissafin girman ba wuya: ka ɗauki lambar da ke jikin bututun, a ce 700, ka raba da lambar da ke jikin ƙwayar da ake sa ido a leƙa. Ƙwaya mai 25 za ta ba ka sau 28, mai 10 ta ba ka sau 70. Waɗannan biyun sun ishe ka dare guda.

In babu madubi, kada a fasa. Jimel, wato ɗan madubin hangen nesa mai ido biyu, mai lamba 7x50 ko 10x50 yana nuna manyan ramukan wata, yana nuna taurari da yawa a cikin Kaza da ƴaƴanta. Matsalarsa rawar hannu ce, shi ya sa ake ɗaure shi da roba a kan ƙafa uku ta kyamara, ko a jingina gwiwar hannu a kan katanga, ko a tsayar da taɓarya a ɗora shi a kanta.

Sai ƙananan kaya: tocila biyu ko uku da aka rufe bakinsu da jar leda ninki biyu, ko aka shafa wa gilashinsu jan farce, salula mai manhajar Stellarium, wadda kyauta ce kuma tana nuna taswirar sama ko babu intanet, doguwar igiya da turaku huɗu, tabarmi, ɗan benci ko kujerar tsuguno don yara, dogon kara na nuni, ƙwallon ƙafa da lemu ɗaya, jarkar ruwan sha, tsumma mai tsabta na rufe madubi, da littafin rubutu. Koren hasken nan na leza da wasu ke haska sama da shi, ni ba na goyon bayan a zo da shi. Yana iya lalata ido, garin yana da filin jirgi, kuma jami'an tsaro ba za su ɗauke shi wasa ba.

1. Zaɓi ranar da watan Musulunci

Nan ne masu farawa suka fi tuntuɓe. Kowa ya ɗauka daren sha huɗu ne ya fi, tunda farin wata sha kallo ne. A madubi shi ne mafi muni. Hasken rana yana faɗo masa ne ta gaba, babu inuwa, sai ka ga fari fat yana kashe ido, kuma haskensa ya shafe ƙananan taurari duka. Ka nemi tsakanin kwana 5 da kwana 9 ga wata. A lokacin ana ganin iyakar da ta raba haske da duhu a jikinsa, kuma a bakin wannan iyakar ne duwatsu da ramuka ke jefa doguwar inuwa, su fito ƙuru-ƙuru. Ga shi kuma yana sama tun magariba, ba sai an jira shi ba.

In burinku taurari masu rauni ne, to ku nemi daga kwana 22 zuwa ƙarshen wata, lokacin da ba ya fitowa sai dare ya raba, domin kullum yana jinkirta fitowa da kusan minti 50. Amma wannan daren na ƴan ƙungiya ne da ɗaliban da suka fara gogewa. Taron farko na jama'a, wata za a ba su.

Sai yanayin shekara. Mafi kyawun sama a wurinmu daga tsakiyar Oktoba ne zuwa farkon Disamba, bayan damina ta wanke iska, kafin hunturu ya kawo hazo. Disamba zuwa Fabrairu taurarin da ke sama sun fi na kowane lokaci kyau, sai dai ƙura na iya rufe su mako guda cur. Da damina a kan samu dare garau bayan an sha ruwa, amma ba a iya sa masa rana. Saboda haka kowace gayyata ku rubuta ranaku biyu a jere, ku ce in sama ta ƙi yau, gobe. Ranar taron ka duba yamma da la'asar sakaliya: in rana ta dushe ta ɓace cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba, ka san wata da manyan duniyoyi kawai za a samu. A watan azumi ku haƙura da taron unguwa, don tarawihi ta cinye lokacin.

2. Wuri da izini

Ana son fili mai buɗaɗɗen kudu da yamma, babu fitila a gabansa. Harabar makaranta ta fi ko'ina, don tana da katanga da ƙofa da mai gadi. Ka je wurin da dare tun kafin ranar, ka tsaya daidai inda za a kafa madubi, ka juya ko'ina. Fitilun sola na bakin titi ba a kashe su, sai dai ka sa gini ko itace tsakaninka da su. Fitilar maƙwabci kuwa, sallama da roƙo ke kashe ta. Kada a kafa madubi a kan daɓen siminti ko kusa da rufin kwano da ya sha rana, domin zafin da ke tashi daga jikinsu yana sa hoton ya yi ta kaɗawa. Ƙasa ta fi, a ɗan yayyafa mata ruwa da yamma don ƙura ta kwanta.

Duwatsun Birni suna jan hankali, ana ganin gari a ƙasa, amma ban ba da shawarar a hau da yara cikin duhu ba: ga santsi, ga kunama a tsaga. In kuna son duhu na gaske, sai a fita bayan gari ta hanyar Miriya ko ta Magarya, mutane kaɗan, a gonar wanda aka sani, kowa da takalmi rufaffe.

Izini ba abin rainawa ba ne. Bututu a kan ƙafa uku cikin dare, wanda bai san shi ba zai iya zaton makami ne. Ku fara da mai unguwa, ku je da rana ku biyu, da madubin a hannu. Bayan gaisuwa sai ka ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne muke son nuna wa wata ranar Asabar bayan isha'i, mun zo neman izini da albarka, kuma muna so kai ne za ka fara leƙawa." Daga nan a kai takarda wurin daraktan makaranta, a sanar da komisariya mafi kusa, a riƙe kwafin takardar a aljihu ranar taron. Limamin unguwa ma a je masa. In ya yi sanarwa bayan sallar magariba, ta fi takardar manne goma, kuma zuwansa yana kashe wata magana da zan zo kanta.

3. Saita madubi tun da sauran haske

Ku iso awa guda kafin faɗuwar rana. A Nuwamba tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, a Yuni kusan 7. Ka kafa ƙafa ukun, ka danna kowace ƙafa cikin ƙasa, ka rataya jarka ko jakar yashi a tsakiya don iska. Ka sa ƙwaya mai 25, ka nemi wani abu mai nisa, hasumiyar masallaci ko ƙarfen eriyar salula, nesa da ɓangaren da rana take. Ka kawo kan hasumiyar tsakiyar gani, ka ɗaure madubin, sannan ka koma kan ɗan ƙaramin madubin saiti da ke bisa bututun, ka murɗa kusoshinsa har gicciyensa ya hau kan hasumiyar daidai. Wanda ya tsallake wannan zai ga wata da idonsa ƙato a sama, amma ya yi minti goma bai kama shi a madubi ba. In ka ga hasumiyar a kife, ko dama ta koma hagu, ba lalacewa ba ce, haka madubin sama yake.

Ka bar shi a waje ya sha iska har zafinsa ya zo daidai da na wurin. Ka kewaye shi da igiya, taku uku ta kowane gefe, ka bar ƙofar shiga ɗaya da ta fita ɗaya.

4. Rabon aiki da layi

Mutum huɗu ne mafi ƙaranci: mai riƙe madubi, mai tsaron layi, mai bayani a kan tabarma, da mai kula da ƙofa da fitilu. Mai madubi ba ya barin wurinsa ko da minti ɗaya. Duniya tana juyawa, saboda haka abin da ka saita yana silalewa ya fice daga gani cikin minti biyu ko uku, ya fi sauri in girman ya yi yawa. Bayan kowane mutum biyu sai ya leƙa ya gyara.

A shigo da mutane goma-goma, sauran suna wurin mai bayani. Dattawa su fara, sai ƙananan yara don su koma gida da wuri. Mata da ƴanmata a yi musu layinsu dabam, wata malama ko ƴar ƙungiya ta tsaya musu. In ba haka ba za su tsaya daga nesa har a watse ba su leƙa ba. Inda aka san matan aure ba za su fito ba, a ware musu wani dare a cikin gida mai faɗin tsakar gida, mata su kai musu madubin.

Kowa hannunsa a baya, ido kawai. Yaro da ya zo zai cafke ƙwayar ne ya ja ta zuwa idonsa, shi ke nan saiti ya tafi. Ka ɗora shi a benci, ka ce, "Ƙanena, rufe ido ɗaya da tafin hannu, matso a hankali." Dabarar gane ko ya gani ita ce ka dubi fuskarsa: in wata na ciki, za ka ga ɗigon haske ya sauka a kan idonsa. In ɗigon yana kan kunci ko gira, bai gani ba, ko da ya ce ya gani, kunya ce. Kada ka tambaye shi "ka gani?", ka tambaye shi "me ka gani?" Dattijo kuwa idonsa ba irin naka ba ne, sai ka ɗora yatsunsa a kan abin murɗawa ka ce, "Baba, juya sannu-sannu har ya fito maka sarai." Bayansa ka mayar.

Masu son ɗaukar hoto da salula a ce su jira ƙarshe. Mutum ɗaya mai neman hoto yana cin lokacin mutum biyar.

5. Abin da za a nuna, bi da bi

Fara da abin da zai riga faɗuwa, wato na yamma. In Zara tana nan, ita ce farko. A madubi ba a ganin komai a jikinta sai siffa, wani lokaci rabi, wani lokaci kamar jinjirin wata, kuma mutane kan yi mamaki in aka ce ita ce dai Gamzaki da ke fitowa da asuba a wasu watanni. Ba a taɓa ganin ta a tsakiyar sama da tsakar dare, don hanyarta tana tsakaninmu da rana.

Sai wata, da ƙwaya mai 25 don ya shiga gaba ɗaya, daga baya a sa mai 10 a bi bakin inuwar. Baƙaƙen shimfiɗun da ake gani da ido tsohon narkakken dutse ne da ya daskare, ramukan kuma duwatsun sama ne suka faɗo suka haƙa. Nisansa kusan kilomita 384,000. Lambar ba ta shiga kan kowa sai an nuna: mai bayani ya ba wani yaro ƙwallon ƙafa a matsayin duniya, ya ba wani lemu a matsayin wata, ya ce su tsaya yadda suke zaton nisan yake. Kullum kusa da juna suke tsayawa. Sai a ja mai lemun baya har mita 6 da rabi, nan ne daidai.

Mushtari da Zuhal, manyan duniyoyi biyu masu zagaya rana kamar tamu, suna canza wuri kowace shekara, sai ka duba Stellarium tun kafin ranar. Alamar duniyoyi a ido ita ce haskensu a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa irin na taurari. Mushtari yana zuwa da ɗige huɗu a jere, watanninsa ne da masanin falaki Galileo ya gani a 1610. Wani daren uku za ka gani, ɗaya ya shige gabansa ko bayansa. Ka sa ɗalibai su zana yadda suka jeru, gobe su sake dubawa. Zuhal yana son ƙwaya mai 10. Ƙarami ne ƙwarai a gani, ka faɗa musu tun kafin su leƙa, amma zobensa na fita, kuma a kansa ne za ka ji wani ya ce hoto aka manna a ciki. Ka bar shi ya zagaya ya duba bakin bututun da kansa.

Ana jiran layi, mai bayani yana aikin ido da kara. A kashe duk farar fitila, domin ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken salula ɗaya kuma ya mayar da shi baya. Awon sama da hannu ake yi: dunƙulen hannu a miƙe kusan digiri 10 ne. Damagaram tana wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, don haka tauraron arewa, wanda ba ya gusawa, tsayinsa daga ƙasa kusan dunƙule ɗaya da rabi ne. Ba shi da haske sosai, hazo na iya ɓoye shi. In ka same shi ka fuskance shi, gabas tana damanka, alƙibla kuma tana gabas da ɗan karkata zuwa arewa.

Da sanyi, Kaza da ƴaƴanta tana tasowa daga gabas bayan magariba, malamai na kiran ta Surayya. A sa yara gasar ƙirga ƴaƴan: yawanci shida, mai kaifin ido bakwai, a jimel kuwa su wuce talatin. Jan tauraron da ke biye da ita Dabaran ne. Daga baya taurari uku a jere su fito, in ka bi layinsu ƙasa za ka faɗa kan Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, shi ne aka ambata a Suratun Najmi, aya ta 49. Haskensa yana shekara 8 da ƴan watanni a hanya kafin ya iso. Can ƙasa ta kudu ga Suhailu. A Afrilu da Mayu kuma ana ganin taurari huɗu masu siffar gicciye a ƙasan kudu, waɗanda mutanen Faransa ba sa gani daga ƙasarsu.

In akwai dattijon da ya san manzilolin nan 28, wato masaukan wata a cikin taurari, da ake lissafin damina da su, a ba shi wuri ya yi magana, a rubuta sunayen da ya faɗa da yadda ya faɗe su. Sau da yawa ya fi mu sanin lokacin fitowar kowanne, mu kuma mu nuna masa shi a jimel.

6. Tambayoyin da ba sa wucewa

Wani zai matso ya ce a duba masa tauraronsa. Kada a yi masa dariya, kada kuma a yi wasa da maganar ko da sau ɗaya ne, don gobe za a ce ƴan duba sun shigo makaranta. Amsa ɗaya ce: mu nisa da tafiya da lokaci muke aunawa, gaibu na Allah ne. Nan zaman liman a kan tabarma yake amfani.

Za a tambaye ku ranar azumi ko ta salla. Kuna iya bayanin inda jinjirin wata zai tsaya da tsayinsa, amma sanarwa ta hukumar da aka ɗora wa alhakin ce, ƙungiya ba ta shiga. Haske mai tafiya a hankali ba ƙyaftawa bayan magariba tauraron ɗan'adam ne. Mafi haskensu tashar sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa, tana sama da mu da kusan kilomita 400, tana zagaya duniya cikin kusan minti 90. Mai ƙyaftawa ja da fari jirgi ne. Wanda ya tsinke ya ja layi ya mutu kuwa ɗan tsakuwa ne ya ƙone a iska. Suna yawaita daren 13 zuwa 14 ga Disamba, kuma wannan kallon tabarma da bargo kawai yake so. Abin da ba ka sani ba ka ce za ka bincika, ka rubuta a littafi.

7. In sama ta rufe, da maganar rana

In hazo ya hana komai, a kunna tocila ɗaya fara a matsayin rana, yaro ya riƙe lemu a tsinke ya juya a hankali, kowa ya ga yadda jinjiri ke zama rabi, ya cika, ya ragu. Da lemun ya shiga inuwar kan yaron, ga husufin wata nan.

Akwai aikin rana da ba ya son madubi. A ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta rana tana bi ta saman kanmu daidai, sanda da aka kafa tsaye ta rasa inuwa wajen 12 da rabi saura kaɗan. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 agogon Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da 10:27, rana tana bisa Ka'aba, saboda haka inuwar sandar tana kwance a kan layin alƙibla.

Gargaɗi mafi girma: ba a duban rana da madubi ko jimel, ko na ƙiftawar ido, makanta ce ba magani. Baƙin tabarau, gilashi mai hayaƙi da hoton asibiti duk ba sa karewa. Waɗanda suka ga husufin rana na 29 ga Maris 2006, da inuwarsa ta ratsa Nijar da hantsi, za su so su ga na 2 ga Agusta 2027, wanda zai cika a Masar da Makka, mu kuma mu sami wani ɓangare. Hanya mai aminci ita ce a huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya sauka a kan farar takarda. Matankaɗi ma yana yi.

8. Tattara kaya

A rufe taro wajen ƙarfe 9 da rabi, a tabbatar kowane yaro yana da wanda zai raka shi. Mutum ɗaya ya ƙirga ƙwayoyin leƙe kafin a kwance igiya, don su ne ke shiga aljihu ko su faɗi cikin yashi. A mayar da marfi, a naɗe bututun da tsumma. Kada a goge gilashi da bakin riga ko rawani: ƙurarmu yashi ce, tana karce shi. A hure ta da ƴar robar hura iska, in ya zama dole a shafa da auduga mai tsabta sau ɗaya, ba dirzawa. A ɗauko madubin a hannu in za a hau kabu-kabu, kada a ɗaure shi a baya.

Kafin a watse a rubuta kwanan wata na Bature da na Musulunci, yanayin sama, abin da aka nuna, tambayoyin da ba a amsa ba, da sunayen ɗaliban da suka dawo layi sau biyu, don su ne za a koya wa riƙe madubi a taro na gaba. Washegari a koma a yi wa mai unguwa da darakta godiya, a kuma tsayar da ranar wata mai zuwa tun a zaman.